SAUYA ƘARFEN SHASIN KATAFILA IDAN YA TSAGE

Gabatarwa

A yankin Keffi da ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka da ita, wato Kokona da Karu da Nasarawa, ana dogara da katafila wajen buɗe manyan gonaki, da gyaran hanyoyin fito da amfanin gona, da haƙa ƙananan madatsun ruwa domin dabbobi da noman rani. Sunan ya samo asali ne daga kamfanin Caterpillar na Amurka, wanda aka kafa a shekarar 1925, amma yau kowace buldoza mai tafiya a kan sarƙa katafila ake ce mata, ko da Komatsu ce ta Japan ko Shantui ta ƙasar Sin. Tun daga lokacin da aka kafa hukumomin raya kogunan ƙasa a 1976, da hukumar buɗe filayen noma ta NALDA a 1992, aka yi ta shigo da irin waɗannan injuna. Da yawa daga cikin waɗanda ke hannun 'yan kwangila da masu bayar da haya samfurin D6D ne da D7G da D8K, waɗanda aka fara ƙerawa a shekarun 1970. Ƙarfen da ya daɗe haka yana shan duka dole ne ya gaji.

Wannan darasi ya shafi matsala guda ce: tsagewar ƙarfen shasi da inji ke zaune a kansa. Ba a sa ran malamin gona ya riƙe sandar walda da kansa. Sai dai shi ne ƙungiyar manoma ke tuntuɓa idan katafilar da suka haɗa kuɗi suka ɗauko haya ta tsaya a tsakiyar gona, ga damina ta ƙarato. Idan ya san abin da ya kamata a yi, zai iya bambance gyaran ƙwarai da na jeka-na-yi-ka, ya kuma hana a sa ran wani cikin haɗari.

Yadda shasi yake da nauyin da yake ɗauka

Shasin katafila dogayen ƙarafa biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, waɗanda suka taso daga babban akwatin ƙarfe na baya, inda giyar juya sarƙa da kulocin sitiyari suke, suka miƙe zuwa gaba. A kansu inji yake zaune. A bakinsu na gaba aka ɗaure garkuwar lagireto. Ta ƙarƙashinsu kuma wani ƙaton ƙarfe ya gitta, an rataye shi da fil a tsakiya, bakinsa biyu suna kan ƙafafun sarƙa na dama da na hagu. Za mu kira shi sandar daidaito. Ita ce ke ba ƙafa ɗaya damar hawa tudu alhali ɗayar tana cikin rami ba tare da jikin katafilar ya murɗe ba, kuma ta kanta ne nauyin gaban katafilar duka ke sauka.

Akwai abin da direbobi da yawa ba su lura da shi ba. A manyan katafilu irin D7G, ƙarfin tura ƙasa yana bi ne ta hannuwan faranti zuwa ƙafafun sarƙa, bai cika shafar shasi ba. Amma silindar da ke ɗaga farantin a jikin garkuwar lagireto suke, ita kuwa a bakin shasi take. Saboda haka duk lokacin da direba ya cusa faranti ƙarƙashin kututture ya yi ƙoƙarin ɓamɓaro shi sama, shasi ne ke ɗaukar wannan nauyi, yana lanƙwasawa a daidai wurin da sandar daidaito ta tokare shi. D7G tana da nauyin kimanin tan 20, injinta mai silinda 6 kuma ya kusa tan guda. A yi tunanin wannan lanƙwasa sau ɗaruruwa a yini, shekara da shekaru.

Shasi iri biyu ne. A wasu ƙananan katafilu ana ɗaure kowane ƙarfe a jikin akwatin baya da bol, ana iya kwance shi a sa wani. A manya kuwa an haɗe shi da akwatin da walda tun daga masana'anta, sai dai a yanke ɓangaren da ya lalace a dasa sabo. Farkon abin da za a tabbatar ke nan kafin a yi maganar kuɗin aiki.

Abin da ke kawo tsagewa

Ƙasar Keffi tana da marmara da duwatsu a binne, waɗanda ba a ganinsu sai faranti ya ci karo da su. Ga kuma itatuwa masu taurin saiwa irin su ƙirya da maje da kawo. Daga watan Disamba zuwa Maris ƙasa tana bushewa ta ƙame, kututturen da zai fita cikin sauƙi a ƙarshen damina sai ya gagara. A nan ne direba mai gaggawa kan ja baya ya taho a guje ya banke shi. Kowane karo irin wannan yana barin alamarsa a jikin ƙarfe.

Duk da haka, mafi yawan tsagewa ba daga karo ɗaya take zuwa ba. Tana farawa ne kamar silin gashi, a gefen tsohuwar walda ko a bakin ramin bol, tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan. Abubuwan da ke hanzarta ta su ne bol ɗin da ya saki ba a ɗaure ba, da fil ko matashin sandar daidaito da ya cinye har shasi yake buguwa a kanta a kowane gargada, da tafiya ba tare da farantan kariya na ƙarƙashin ciki ba, da kuma tuƙa katafila da gudu a kan hanya mai duwatsu maimakon a ɗora ta a babbar mota. Duk wanda ya sauya ƙarfen shasi ya bar sandar daidaito a cinye, to ya shirya sake yin aikin.

Yadda ake gane ta

Alamar farko ita ce jan layin tsatsa siriri a jikin fenti, ko wurin da fenti ya ɓamɓare a miƙe. Sauran alamomin a jikin inji suke bayyana, domin idan ƙarfe ɗaya ya saki, inji yakan karkace daga saitinsa da giya. Sai a ga fanka tana taɓa murfinta, lagireto yana yoyo ana liƙewa yana sakewa, bol ɗin mazaunin inji yana yawan karyewa, ko mahaɗin farfela tsakanin inji da giya yana saurin lalacewa. Idan aka ci gaba da aiki a haka, kaskon bayan inji ne zai tsage, kuma kuɗinsa da wahalar samunsa sun fi na gyaran shasin.

A wanke wurin sosai, a kankare laka da giris da fenti. Hanya mafi sauƙi ta ganin iyakar tsagar ita ce ta kananzir da alli. A shafa kananzir a wurin, a bar shi kamar minti 15 ya shige, a goge saman ƙarfen ya bushe, sannan a shafa alli da aka dama da ruwa kaɗan. Idan allin ya bushe, kananzir ɗin da ya maƙale a cikin tsagar zai fito ya zana ta a fili. Sau da yawa za a tarar ta fi yadda ido ya gani tsawo. A duba ɗaya ƙarfen ma, domin tun ranar da na farko ya saki shi ke ɗauke da nauyin biyu.

A yi walda ko a sauya?

Nan ne ake yawan samun saɓani tsakanin mai katafila da manoman da suka biya kuɗin haya. Mai katafila yana son a liƙe a ci gaba, manoma ma suna duban sama. Shawararmu ita ce, idan tsagar sabuwa ce, guda ɗaya, a jikin bangon gefe, ba ta kai ga saman ƙarfen ko ƙasansa ba, kuma ƙarfen bai lanƙwashe ba, ana iya gyara ta da walda mai kyau. Sai a huda rami mai faɗin milimita 6 zuwa 10 a kowane ƙarshenta domin a tsayar da ita, a gurje ta har gindinta, a cike.

Amma idan tsagar ta zagaye ƙarfen, ko ya karkace, ko ramukan bol sun buɗe sun yi tsawo, ko an riga an yi masa walda sau biyu a wuri ɗaya, to sauyawa ce magani. Ƙarfen da aka yi ta ƙonawa da wuta yana taurare a gefen waldar, a nan kuma zai sake darewa. Mun sha ganin shasin da aka lafta wa faranti a kan faranti har ba a gane asalin ƙarfen, tsagar kuwa tana nan ƙarƙashi tana tafiya abinta.

Wajen neman ƙarfen canji, a kwafi lambar katafilar daga ƙaramin allon da ke jikinta, domin samfuri ɗaya yana iya samun bambanci tsakanin shekarun ƙira, kuma na dama daban yake da na hagu. Ana iya tuntuɓar dillalan kamfanin, kamar Mantrac mai wakiltar Caterpillar a Nijeriya, ko a nemi na hannu a wurin masu farke tsofaffin injuna a kasuwanni irin su Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano. Na hannu ba laifi ba ne, muddin an yi masa gwajin kananzir da alli kafin a biya kuɗi, an kuma ɗora igiya a jikinsa an ga a miƙe yake. Idan za a ƙera ɓangaren ne, a nemi farantin ƙarfe mai kaurin na asali daidai. Kada a yi amfani da sifirin ɗin mota ko tsohon bakin faranti don ganin suna da tauri. Irin wannan ƙarfe yana tsagewa a gefen walda tun kafin ya huce.

Shirin wuri da kiyaye rai

A kai katafilar wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe. Idan a gona za a yi aikin, a zaɓi tudu, a share busasshiyar ciyawa a kewaye, musamman lokacin hunturu da tartsatsi ɗaya ke iya tayar da gobara. A sauke faranti ƙasa, a kashe inji, a motsa sandunan sarrafawa domin ƙarfin man haidurolik ya sauka, a tokare sarƙoƙi gaba da baya, a cire wayoyin batir.

Farantan kariya na ƙarƙashin ciki su ne suka fi yaudarar mutane. Laka da baƙin mai da ganye suna taruwa a kansu har nauyinsu ya ninka. Kada wani ya kwanta ƙarƙashi yana kwance bol na ƙarshe. A tallafe farantin da jak ko sarƙa tukuna. Wannan tarkacen da ke kansa shi ne kuma abincin wuta, sai an kwashe shi kafin a kunna walda. A ajiye tukunyar kashe gobara da yashi a kusa.

Jak na ɗagawa ne kawai, ba a dogara da shi a shiga ƙarƙashin kaya. A tanadi katakai masu ƙwari, a jera su a gicciye. Bulon siminti haramun ne a wannan aiki, domin ba ya gargaɗi kafin ya ruguje. Sarƙar ɗaga inji kuma ta kasance mai ɗaukar aƙalla tan 3, a rataye ta a jikin ƙafafun ƙarfe da aka yi domin haka, ba a reshen bishiya ba.

Awo kafin a kwance komai

Wannan shi ne matakin da ake yawan tsallakewa, alhali shi ne ke raba aikin da zai daɗe da wanda zai dawo. Kafin a taɓa bol ko ɗaya, a buga alama da ƙusa a jikin akwatin baya da kuma bakin kowane ƙarfe. A auna tsawon kowanne, da tazarar da ke tsakaninsu a gaba da tsakiya da baya, sannan a auna a gicciye, daga kusurwar baya ta dama zuwa ta gaba ta hagu, da kuma akasin haka. A shasi mai lafiya awon gicciye biyun ɗaya suke. A rubuta komai a takarda. Ƙarƙashin mazaunin inji akwai siraran faifan ƙarfe na ciko da aka daidaita tsayinsa da su. A ɗaure na kowane mazauni daban da waya, a rubuta wurinsa. Yaran gareji sukan zubar da su a zaton tarkace ne.

Cire tsohon ƙarfe da sa sabo

A cire murfin inji, a juye ruwa, a sauke lagireto da garkuwarsa da silindar ɗaga faranti. A sa alama a kan kowace tiyo da waya, a toshe bakin tiyoyin mai da tsumma mai tsabta saboda ƙura. A raba inji da farfela. A ƙaramar katafila ana iya rataye inji a inda yake a zare ƙarfe ɗaya daga gefe. A babba gara a fitar da shi gaba ɗaya. Sannan a tokare akwatin baya da ɗaya ƙarfen, a sauke nauyi daga kan sandar daidaito. Ko da ƙarafan biyu za a sauya, a yi ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan, domin wanda ke wurinsa shi ne ma'auni.

Idan na bol ne, aikin bai da wuyar fahimta. A kwance, a goge fuskar akwatin har ta yi sumul, a duba zaren ramuka da fil ɗin saiti. Bol ɗin da ya karye a ciki ana fitar da shi ta hanyar liƙa masa noti da walda a juya. A sa sababbin bol masu ƙarfi: a injunan Amurka mai layi 6 a kansa, a na Japan mai lamba 10.9. A ɗaura su duka da hannu tukuna, a maimaita awon gicciye, sannan a ɗaure da sifana mai awo gwargwadon abin da littafin katafilar ya faɗa, ana yi ana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ɗaurin da ake yi da dogon bututu mutum biyu suna rataya a jiki yana miƙar da bol ne, ya karye bayan 'yan kwanaki. Idan an ga tsaga a jikin akwatin kansa, a gwada shi da injin gurza ƙarfe: tartsatsi gajere mai duhun ja alamar ƙarfen zubi ce, wanda ke buƙatar sandar walda ta nikel da gwani na musamman.

Idan na walda ne, a zaɓi wurin yanka nesa da mazaunin inji da mazaunin sandar daidaito, a cikin lafiyayyen ƙarfe. A yanka bangon gefe a karkace, kada a yanka a tsaye, domin mahaɗar ta yi tsawo nauyi ya rarrabu. A gurje bakunan biyu su haɗu kamar harafin V mai buɗin kimanin digiri 60. A sa ƙarfen tallafi ta ciki, a ɗaure sabon ɓangaren da na ɗaya gefen da ƙarafan gicciye na wucin gadi, a ɗiga walda nan da can, a sake awo. Sai awo ya yi daidai ake cikewa.

Waldar kanta

Sandar E6013 da ake ƙera ƙofofi da tagogi da ita ba ta wannan aiki ba ce. Wadda ta dace ita ce E7018. Aibinta guda, tana shan danshi, kuma danshin nan ne ke haifar da ɓoyayyiyar tsaga a cikin walda bayan ta huce. A sayi wadda ke cikin gwangwani a rufe, a ajiye ta a tanda mai zafin kimanin digiri 120 a ma'aunin Salshiyas, a riƙa ɗibar wadda za a ƙarar cikin awa 4. A lokacin damina, da iskar Keffi ke cike da laima, a ƙara kula. Sanda mai kaurin milimita 4 tana son wuta tsakanin amfiya 130 da 190, abin da ƙaramin janareto ba zai iya bayarwa ba. A nemi injin walda mai amfani da man gas.

A maƙala wayar ƙasa a jikin ƙarfen da ake aiki a kansa, dab da wurin. Idan aka maƙala ta a jikin sarƙa, wuta za ta ratsa ta cikin boris ta ƙone shi, ba kuwa za a sani ba sai bayan makonni. A ɗumama wurin da wutar gas zuwa digiri 100 ko 150 kafin a fara. Idan ɗigon ruwa ya yi tsalle ya ƙafe nan take, an kai ɗari. A yi waldar layi-layi sirara, ana kankare dattin kowane layi kafin a ɗora wani, ana sauya gefe domin zafi kada ya ja ƙarfen ya karkace. Idan an gama a lulluɓe wurin da busasshen yashi ya huce a hankali. Kada a zuba ruwa.

Bayan an gurje waldar ta yi daidai da jikin ƙarfe, a maimaita gwajin kananzir washegari. Idan za a ƙara farantin ƙarfafawa a gefe, a yanka shi da bakuna masu tsini ko zagaye, kada kaurinsa ya wuce na shasin, kuma kada a ja layin walda a gicciye a saman ƙarfen ko ƙasansa. Faranti mai kusurwa huɗu yana tara nauyi a bakinsa, sabuwar tsaga kuma daga nan take tashi.

Mayar da inji da gwaji

A sauya fil da matasan sandar daidaito idan sun cinye, tun shasi yana buɗe. A mayar da inji da faifan cikonsa, sannan makanike ya gwada saitinsa da giya da agogon awo, yana ƙara ciko ko ragewa har ya shiga iyakar da littafi ya yarda. Ido ba ya ganin karkatar rabin milimita, amma farfela tana jin ta. A shafa wa wurin gyaran fenti mai haske, shafi ɗaya siriri, domin tsatsa ta fito fili idan wani abu ya motsa.

A fara da aiki mara nauyi. Bayan awa 10 a sake bin bol ɗin duka da sifana mai awo, haka kuma bayan awa 50.

Abin da malamin gona zai faɗa wa direba da manoma

Babban kututture ana zagaye shi ne a yanke saiwoyin gefe da bakin faranti, sannan a tura shi a hankali da giya ta ɗaya. A tsara sassabe a ƙarshen damina, wajen Oktoba da Nuwamba, lokacin da ƙasa ke da sauran laima amma ba ta caɓe ba. Manoma su riga katafila shiga fili su kafa tuta a kan duwatsun da suka sani, su kuma ware ɗorawa da kaɗanya da za a bari. Binciken da Dakta Rattan Lal da abokan aikinsa suka yi a cibiyar IITA ta Ibadan, a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, ya nuna cewa tumɓuke itatuwa da inji tare da tsefe saiwoyi ya fi sauran hanyoyin sassabe jawo zaizayar ƙasa, sassaben hannu kuwa ya fi su barin ƙasa lafiya. Don haka rage tumɓuke-tumɓuken da ba dole ba yana amfanar gonar da katafilar gaba ɗaya.

Kafin ƙungiya ta biya kuɗin haya, malamin gona ya nemi a wanke gefen shasi ya duba da idonsa a gaban mai katafilar, musamman kusa da mazaunin sandar daidaito da inda shasi ya haɗu da akwatin baya. A rubuta cikin yarjejeniya cewa awoyin da injin ya yi aiki ake biya, da kuma wanda zai ɗauki nauyin gyara da kwanakin da za a jira idan ya tsaya a gona.